Makin da Na Ba Goggo

A bayan ofishinmu na Garwa akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, da fanka mai kuka, da tebur wanda sai an tokare ƙafarsa da kwali yake tsayawa. Nan nake shiga ƙarfe takwas na safe, in sa kaske, abin sauraron nan, a kunne, in ajiye agogo a gabana, in saurari kiran da mutane suka yi mana jiya da shekaranjiya. Wata ƙungiya ce ta buɗe layin gaggawa a garin, da motocin asibiti biyu, da mutum biyar masu ɗaukar waya. Duk kiran da ya shigo na'ura tana naɗe shi. Ni kuma rabona shi ne kiran da aka yi saboda zuciyar wani ta tsaya.

In zuciya ta tsaya, mota ba ta isa ta ceci mutum ita kaɗai ba. Kafin direba ya kauce wa 'yan moto masu haya da babur da shanu ya isa ƙofar gida, an gama. Abin da ke riƙe rai kafin mota ta zo shi ne hannun wanda ke kusa, ya durƙusa ya yi ta danna tsakiyar ƙirji ba tsayawa. Saboda haka aikin mai ɗaukar waya shi ne ya gane da wuri cewa zuciya ce, ya kuma sa wanda ya kira ya fara dannawa. Aikina ni in duba ko ya yi yadda aka tsara.

Muna da takardar maki, bisa ashirin kamar ta makaranta. Da Faransanci ta zo mana daga kudu, ni na mayar da ita Hausa da Fulatanci, kuma na yi alfahari da hakan ba kaɗan ba. Ta karɓi kwatancen gida kafin komai? Ta tambayi ko yana amsawa? Ta tambayi numfashi? Ta ba da umarnin dannawa a kan lokaci, da kalmomin da aka rubuta? In mai kira ya yi jinkiri, ta maimaita umarnin? Ta faɗi wani abu da ba ya cikin takarda? Kowace tambaya da makinta. Ƙasa da goma ja ne. Wanda ya samu ja uku a shekara, an ɗauke shi daga kan waya, babu roƙo.

An ba ni aikin don na yi aikin jinya kuma ina jin harsunan nan uku. Babana mahauci ne, bakina kuwa na uwata na gada, in na fara ba na sanin inda zan tsaya. A ofis ana tsorona, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin hakan.

Cikin masu ɗaukar waya akwai wata dattijuwa da kowa yake ce wa Goggo, har shef ɗinmu, shugaban ofis, da ba ya jin ko sannu da Hausa. Ungozoma ce, ta yi shekaru a wani ƙaramin asibiti kusa da Mindif har gwiwoyinta suka ƙi durƙuso. Kujerar wayar nan ita ce aikin da ya rage mata a duniya wanda za ta iya, ita ma haka take faɗa. Takan zo kafin kowa, ta share teburinta da gefen mayafi, ta ajiye min makala biyu, irin fanken nan namu, a takarda a bakin ƙofata, ta ce, "'Yata, ki ci kafin ki fara yanka mu." Ni kuma in ci makalar, in shiga in yanka. Kafin abin da zan ba da labari, na riga na ba ta ja biyu. Duka biyun dalili ɗaya ne, Goggo ba ta iya karanta takarda yadda take, sai ta ƙara nata. Ta san saura ɗaya, ni ma na sani.

Wata Litinin na buɗe wani kira da ya shigo ranar Lahadi bayan azahar. Lahadi kasuwar Pitowa ke ci, duk namijin da ke da ƙafa yana can. Muryar wata yarinya ce, tana haki.

"Baba ya faɗi! Wayyo Allah, Baba ya faɗi!"

Goggo ta karɓi kwatance, gida ne a Pitowa bayan injin gurzar auduga, ta tura mota nan take. Ta tambaya ko yana amsawa, yarinyar ta ce a'a. Ta tambayi numfashi, ta ce yana wani irin ja, kamar minshari amma da nisa-nisa. Goggo ba ta ɓata lokaci ba, ta san wannan ja ba numfashi ba ne. Har nan ina ta ba ta maki, ina ma cewa a raina yau tsohuwa ta shiryu.

"Durƙusa a gefensa," in ji Goggo, "ki sa tafin hannunki a tsakiyar ƙirjinsa."

Sai kukan jariri daga nesa.

"Inna," yarinyar ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "baban mijina ne."

A nan takarda ta ce a maimaita umarni. Goggo ba ta maimaita ba.

"Wa ke gidan?"

"Ba kowa, duk suna kasuwa. Daga ni sai ɗana."

"Shekararki nawa a gidan?"

Na tsayar da na'ura, na ja tsaki, na rubuta: tambayar da ba ta cikin takarda. Na sake kunnawa.

"Biyu. Wallahi Inna ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ko ruwa a ƙasa nake ajiye masa."

"Idonsa a buɗe yake, ko?"

"A buɗe. Yana kallona."

"Ba ya ganinki, 'yata. Amma cire gyalenki ki yafa masa a fuska, sama-sama, kar ki danne hanci. Kin yafa?"

"Na yafa."

"To yanzu ba surukinki ba ne, bawan Allah ne kika tsinta a hanya. Ke ma rufe naki idon. Bismillah, danna. Da ƙarfi, kamar kina kirɓa tuwo."

Sai ta fara ƙirga mata. Takarda ta ce a ƙirga da harshen mai kira, amma Goggo in abu ya yi zafi Fulatanci ke fito mata. Go'o, ɗiɗi, tati, nayi. Go'o, ɗiɗi, tati, nayi. Ina jin nishin yarinyar yana bin ƙirgar. Haka suka yi kusan minti ashirin, yarinyar tana cewa hannunta ya mutu, Goggo tana cewa bai mutu ba, saura kaɗan, har na ji ƙarar motarmu a ƙofar gida.

Na lissafa. Ba ta maimaita umarni ba, ta yi tambayoyi uku na kanta, ta canza harshe, sannan babban laifi, ta sa an rufe fuskar mara lafiya, abin da takarda ke kira umarni mai haɗari. Bakwai bisa ashirin. Na sa jan alƙalami na zagaye shi.

In da a nan na tsaya, da yau ina iya cewa takarda na bi. Har yanzu ban ce ɗora ƙyalle a fuskar wanda ya faɗi abu ne mai kyau ba, gara a ga fuskarsa. Amma ban tsaya a nan ba. Kowace Juma'a da safe muna taro, in zaɓi kira ɗaya in kunna don kowa ya ƙaru. Ba a faɗin wanda ya ɗauki kiran, to amma wa zai ji go'o, ɗiɗi bai san Goggo ba? Na zaɓi nata ina sane.

Mu takwas ne a ɗakin, har da direbobi. Na kunna, da aka zo kan gyale na tsayar, na cire tabarau na dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Jama'a," na ce, "nan layin gaggawa ne ko gidan wankan gawa? Mutum da ransa an fara yi masa likkafani ta waya! Gobe kuma sai mu ce su haƙa kabari kafin mota ta iso."

Wata yarinya cikin masu ɗaukar waya ta tuntsire da dariya, wata ta bi ta. Shef ya ce in fassara masa, na fassara da Faransanci, na ƙara gishiri. Goggo tana zaune a ƙarshen benci, hannunta biyu a kan gwiwa, ba ta ɗaga kai ba. Da na gama na ce ko tana da abin faɗa.

"Na ji, Madam," ta ce.

Ba ta taɓa ce min Madam ba sai ranar.

Na sha tambayar kaina me ya kai ni. Amsar ba ta da daɗi. Lokacin da aka horar da mu, wani malami daga kudu ya ce matsalar arewa al'ada ce, komai sai a ce al'ada. Tun daga ranar nake son in nuna wa shef da duk wanda ke karanta rahotona cewa ni ba irin waɗancan ba ce, ni na yi boko, ba na jin kunyar ƙirjin kowa. Alhali kuwa ni ɗin nan, shekara goma sha ɗaya da aure, ban taɓa cin abinci a gaban baban mijina ba. In ya shigo tsakar gida ina ɗaurin ƙirji, da gudu nake faɗawa ɗaki. Na san abin da yarinyar Pitowa take nufi sarai, tun kafin ta rufe baki.

Bayan taron direban da ya je Pitowa ya same ni a bakin famfo ina wanke kofi. Mutum ne mai shiru-shiru, shi bai yi dariya ba.

"Madam, da muka shiga gidan, yarinyar tana kan dannawa, idonta a rufe, ɗanta yana ta ihu a tabarma. Sai da na taɓa kafaɗarta ta daina. Da muka sa masa injin tayar da zuciya, zuciyar ta tashi. Ya kwana biyu a asibiti, 'ya'yansa duk sun zo sun gan shi, sannan Allah ya karɓi abinsa."

"To ai ya mutu," na ce.

Ya dube ni, ya ɗauki bokitinsa ya tafi wanke mota.

Ja na uku ya tafi kudu da sa hannuna a ƙasa. Aka ɗauke Goggo daga waya aka mayar da ita ɗakin ajiya, tana jera auduga da safar hannu a kan katako. Ɗakin yana jikin bangon masu waya, duk ƙarar da wayar ta yi tana ji. Makala ba ta daina zuwa bakin ƙofata ba, ni ce na daina iya ci. Mako biyu ta yi, ta miƙa wa shef makulli, ta ce za ta koma Mindif wajen 'yarta. Ranar da ta tafi na rufe ƙofata na ce aiki ya yi min yawa.

Kafin a ɗauki wani, hannu ya yi ƙaranci, shef ya ce in riƙa zama a waya kwana biyu a mako. A kujerar Goggo na zauna, ita ce babu kowa. Ban damu ba, ai ni na fassara takardar, ko cikin barci zan karanta ta.

Lokacin zafi ne, irin zafin Garwa da ƙarfen kujera ke ƙona cinya tun hantsi. Wajen sha ɗaya na safe waya ta yi ƙara a gabana. Namiji ne, kuma daga maganarsa na san mahauci ne, haka babana da 'yan'uwansa suke magana, da sauri, da ƙarfi. Ya dawo daga mayanka ya kawo nama gida. Matarsa ta haihu, uwarta ta zo daga Kaélé tana yi mata wankan jego. Matar ta kai jariri allura. Shi kuma ya shigo ya tarar da tsohuwar a ƙasa kusa da murhu, tukunyar ruwan wanka tana tafasa.

Na karɓi kwatance, unguwa ce ta wajen gada, na tura mota. Ba ta amsawa. Numfashi ja ɗaya-ɗaya. Ban kai rabin minti ba na gane. Ko ni da kaina na ji muryata ta fita tas, yadda nake so masu waya su riƙa yi.

"Malam, durƙusa a gefenta. Sa tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinta, tsakanin nonuwa, ka danna da ƙarfi."

Haka na rubuta shi a takarda, kalma da kalma.

"Subhanallahi!" ya ce. "Hajiya, surukata ce fa. Uwar matata."

"Malam, sa tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinta ka danna."

"Ɗaurin ƙirji ne a jikinta, ya kwance da ta faɗi. Ni na ma juya baya. Don girman Allah ku zo!"

Ga namiji mai ƙarfi, wanda ke kayar da bijimin sa ya ɗaure, hannun da ya fi dacewa da wannan aiki a duk unguwar, yana tsaye taku biyu daga gare ta ya juya baya. Kuma na san abin da zan ce masa. Wallahi na sani. Gidan da ake jego ba ya rabuwa da zannuwa a kan igiya. In ce ya fizgo zane ɗaya ya jefa mata daga wuya zuwa gwiwa, ya danna ta saman zanen. Ba ma fuska ba, ƙirji kawai, babu likitan da zai ce akwai haɗari a ciki. Maganar ta zo har kan harshena, da muryar Goggo ta zo.

Sai na ga 'yar jar fitilar na'ura, alamar tana naɗa. A hagu da ni yarinyar nan ce da ta fara dariya ranar Juma'a, ta ajiye abin da take yi tana saurarena. Ƙofar shef a buɗe. Na ga kaina ana kunna wannan kira a taro, ana cewa ashe Madam ma ta fara rabon likkafani. Duk wannan bai fi ƙiftawar ido ba. Na haɗiye maganar.

"Malam, rai ake magana. Sa tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinta ka danna."

Sau biyar na faɗa, kowane ya fi na baya ƙarfi. A na ƙarshe har tsawa na yi masa. Ya ce bari ya kira mace a maƙwabta, ya ajiye wayar a ƙasa bai kashe ba, na ji takunsa ya fita da gudu.

Na zauna da kaske a kunne ina sauraron tsakar gidan mutane. Ruwa yana tafasa, murfin tukunya yana kaɗawa. Kaza tana ƙyarƙyara. Can nesa ina jin shi yana buga ƙofa yana sallama, gida ɗaya, gida biyu, matan duk sun fita. Kusa da wayar kuma tsohuwar tana ja. Agogona yana gabana, na saba ƙirgawa, sai na tsinci kaina ina ƙirga tazarar da ke tsakanin ja da ja. Tana ƙaruwa. Ina ta cewa alo, alo, ba wanda zai ji ni sai ita. Bayan minti shida ya dawo da wata tsohuwa, wadda tana shigowa ta fasa salati ta fara laƙƙana mata kalmar shahada. A lokacin jan ya riga ya daina. Motarmu ta isa, suka yi abin da za su iya, ba ta tashi ba.

Na cire kaske na tafi banɗaki na kulle. Da na fito yarinyar hagu ta ce, "Kai Madam, kin yi ƙoƙari, mutumin ne jahili." Na ce ta rufe min baki, ta yi ta mamakin me ta yi.

Doka ta ce in ni na ɗauki kira, shef ne zai duba. Shef ba ya jin Hausa, saboda haka ni zan cika, shi ya sa hannu. Washegari na shiga ɗan ɗakina na kunna muryar kaina. Kwatance kafin komai, e. Tambayar amsawa, e. Numfashi, e. Umarni a kan lokaci da kalmomin da aka rubuta, e. Ta maimaita da mai kira ya yi jinkiri, e, har sau biyar. Ta faɗi abin da ba ya cikin takarda, a'a. Na nemi inda zan rage wa kaina ko rabin maki, na juya takardar gaba da baya, babu. A ranar na lura, bayan shekara uku ina aiki da ita, takardar ba ta da gurbin da ke tambaya ko hannu ya sauka a ƙirji. Shef ya duba jimla, ya yi murmushi, ya ce wannan kiran ya kamata a kunna ranar Juma'a kowa ya koya. Na ce na'urar ta lalata shi. Ƙarya nake, yana nan har yau.

Na kwana uku ban iya kallon nama ba. A na huɗu na rubuta wa shef takarda, na ce na yi kuskure a makin Goggo, a dawo da ita. Ya karanta a gabana, ya ce ya ji, amma maganar ta riga ta tafi sama, an ma ɗauki wani saurayi zai fara farkon wata.

"Ke kika sa hannu, Madam," ya ce, ba da faɗa ba. "Kuma bisa takarda ba ki yi kuskure ba."

Ban gaya masa abin da na haɗiye ba. Ban gaya wa mijina ba. Mutum ɗaya ce na san za ta gane girman abin, ita ce kuma na fi tsoron gani.

Wata Asabar na shiga mota da sassafe zuwa Marwa, daga can na hau wata zuwa Mindif. Na riƙe sabulu da sukari da kilishi daga wajen babana. Tun daga nesa dutsen garin ya bayyana, sai na ji kamar in ce direba ya sauke ni in koma. Gidan 'yarta bai yi wuyar samu ba, duk wanda na tambaya ya san ungozoma, wasu ma ita ta karɓi haihuwarsu.

Na same ta a ƙarƙashin dalbejiya, ta miƙe ƙafa a tabarma tana ɓare gyaɗa. Ta ɗago ta gan ni.

"Lale, lale! 'Yata ce da rana tsaka? Ku kawo mata ruwa!"

Da Madam ta ce min da ya fi min sauƙi. Na durƙusa na gaishe ta, gaisuwa mai tsawo, irin wadda nake rage wa mutane maki a kanta. Ta tambayi mijina, ta tambayi yara, ta tambayi kowa a ofis har direbobi da mai gadi. Ta tambaya ko an gyara ƙafar teburina. Sannan ta ce akwai abin da take so ta sani tun tuni, ba ta samu wanda za ta tambaya ba.

"Tsohon nan na Pitowa, ya kai asibiti kuwa?"

Ashe ba wanda ya gaya mata. Ni na sani tun ranar taron, ta yi mako biyu a ɗakin ajiya taku goma daga ƙofata, ban faɗa mata ba. Na ce ya kai, zuciyar ta tashi, ya kwana biyu, 'ya'yansa duk sun gan shi da rai.

"Alhamdu lillahi," ta ce, ta shafa fuska. "Yarinyar nan ta yi ƙoƙari. Allah ya yi mata albarka."

Nan na kasa riƙewa. Na ce, "Goggo, na zalunce ki, na zo ki yafe min." Ta ce haba, ai ta manta, aiki ne. Na ce ba ta ji duka ba. Na ba ta labarin mahaucin daga farko, da tukunyar ruwa, da ɗaurin ƙirjin da ya kwance, da yadda ya juya baya. Hannunta ya tsaya a kan gyaɗa.

"Gidan jego ne kika ce?"

"E, Goggo."

"To babu zane a igiya?"

"Ba za a rasa ba."

"Ashsha. Ruɗewa ce, 'yata, kowa yana ruɗewa. Ba ki tuna ba ne."

Ta buɗe min ƙofa, da na so sai in bi in fita. Na dubi tabarma.

"Na tuna, Goggo. Ya zo har bakina. Na ji kunyar a ce na yi irin naki."

Ta daɗe tana kallon hannunta. Wata akuya ta matso kusa da kwanon, ba ta ko kore ta ba, ni na kore ta. Na ce mata na nemi a dawo da ita an ƙi, amma zan sake rubutawa, zan je har sama in ta kama. Ta girgiza kai, ta ce kujera ta riga ta zama ta wani, kar in raba shi ma da abincinsa. Sannan ta tambayi abin da kowane mai ɗaukar waya yake tambaya idan an ce an duba kira.

"Nawa aka ba ki?"

"Ashirin," na ce. "Bisa ashirin."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce Allah ya jiƙan matar, ya raya jaririn. Ta turo min kwanon gyaɗar gabana, ta ɗauki nata ta ci gaba. Na zauna a gefenta ina ɓarewa har aka kira la'asar, ban iya ɗaga kaina ba.